Ɗakin Rainon Shuka a Kalgo: Iska Kafin Taki

Ɗakin gilashi ko na leda da ake rainon shuka a cikinsa ya bunƙasa ne a ƙasashen sanyi irin su Holan, inda burin manomi shi ne ya tare ɗumi. A Kalgo da Gwandu na Jihar Kebbi kuwa, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, aikin ɗakin shi ne ya fitar da zafi, ya kuma daidaita laimar iska gwargwadon yanayin shekara.

Tumatir ya fi samun sakewa idan laima tana tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Ganye sai ya toshe ƙofofin numfashinsa don kada ruwansa ya ƙare, girma ya tsaya, jan gizo-gizo mai son bushewa ya yi saƙa a bayan ganye. Magani shi ne a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta gefen da iska ke shigowa, fanka na janyo ta daga ɗaya gefen. Hikimar randa ke nan: ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi. Da ita Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci kyautar Rolex a 2000, da tukunyarsa ta cikin tukunya.

A watan Agusta lissafi kan juye. Idan manomi ya shiga da asuba ya tarar raɓa na ɗiga daga rufin leda a kan ganye, to funfuna na tafe, garin fure kuma zai cure, ɗa ba zai ƙullu ba. A nan sai a daina yayyafa wa ganye ruwa, a yi ban-ruwa da safe a gindi kawai, a rage ganyen ƙasa, a buɗe tagogin sama tunda iska mai zafi sama take yi. Amma kowace taga a sa mata raga mai ƙananan idanu, domin ba a manta da tsutsar sharon da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016 ba.

Tsabtar iska ma abin lura ce. Hayaƙin janareta ko na gawayi yana kaɗe fure. A ɗakin da ya wuni a rufe kuma, shuka kan zuƙe iskar kabon da take haɗa abinci da ita. Game da zafi kuwa, da bazara a yi koyi da manoman Almeriya ta Sifen, masu shafa wa rufi farar ƙasa don rage kaifin rana.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Jami'ar jiha kuma tana Aliero, garin albasa. Ya kamata su gwada fasalin ɗakin da ya dace da yanayinmu, su koya wa matasa karanta ma'aunin laima. Wanda zai kashe kuɗi a kan leda da iri, ya fara da sayen wannan ɗan ma'auni.