Yadda Likita Ke Gane Ciwon Afendis a Jikin Yaro

Ka sani afendis wani ɗan guntun hanji ne kamar yatsa, a ƙasan ciki ta hannun dama. In ya kumbura aka yi jinkiri, sai ya fashe, ƙazanta ta bazu a ciki, rai ya shiga haɗari. Ga shi ƙaramin yaro bai iya bayyana ciwonsa ba.

Don haka likitoci suka tsara ma'auni. A 1986 Dokta Alvarado a Amurka ya fito da lissafi mai maki 10, a 2002 Dokta Samuel ya kawo na yara, shi ma maki 10. A na yaran, zafi in an danna ƙasan ciki ta dama maki 2 ne. Zafi in yaro ya yi tari ko tsalle, maki 2. Zazzaɓi, amai, ƙin abinci, da ciwon da ya tashi daga cibiya ya koma dama, kowanne maki 1. Sauran 2 daga awon jini suke. Maki kaɗan, a sa ido. 7 zuwa sama, a kira likitan tiyata.

To, ka ga wasu makin daga bakin iyaye suke fitowa. In ƙanenka ya kwanta da irin wannan ciwo, kada a ba shi maganin wankin ciki. A kai shi asibiti maza, a faɗa wa likita yadda ciwon ya faro. Neman magani bai kore tawakkali ba. Allah Ya ba mu lafiya, amin.