Ɗan Ƙwallo, Kada Ka Jira Ƙishirwa

'Yan uwa ɗalibai, a zafin bazarar Kabo gumi ne ke sanyaya jikin ɗan ƙwallo, amma da ruwa da gishirin jiki yake fita. Bincike ya nuna wanda ya zubar da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta gumi, juriyarsa na raguwa. Ga ɗalibi mai kilo 50, lita ɗaya ce kacal. Shi ya sa a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil aka tsayar da wasa don a sha ruwa.

Ku sha kafin shiga fili, ku ƙara a hutun rabin lokaci. Idan fitsari ya yi ja, jiki na neman ruwa. Wanda jiri ya ɗiba, a kai shi inuwa, a kira malami.