Linzamin Moto: Yadda Ake Zaɓen Na'urar Sarrafa Gudu Daidai da Amfiyar Ƙaramin Moto

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu naɗin koyil ya san warin ƙonannen moto. Kusan kullum sai an kawo musu na famfon rijiyar burtsatse, ko na injin markaɗe, ko na injin yankan katako, wayoyinsa sun yi baƙi ƙirin. Mai abin yakan ɗora laifin a kan rashin daidaituwar wutar lantarki, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika lura da shi ba. Na'urar da aka sayo da tsada domin ta sarrafa moton ta kuma kare shi, wani lokaci ita ce kan zuba masa ido har ya ƙone, saboda ba a zaɓe ta daidai da shi ba, ko kuwa an ɗaura ta ba tare da an saita ba.

Gudun Moto da Kai-komon Wuta

Yawancin injinan da aka ambata suna aiki ne da irin moton da Galileo Ferraris ya gwada a Italiya a 1885, wanda kuma Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888. Wutar da ke shiga cikinsa kai-komo take yi, kuma ana auna yawan wannan kai-komo a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin haz. A Nijeriya da Nijar haz 50 ne, a Amurka kuwa 60. Gudun moto ya rataya ne a kan wannan adadi. A ninka haz sau 120, a raba da yawan kawunan maganaɗisun moton. Mai kawuna huɗu a kan haz 50 zai ba da juyi 1,500 a minti ɗaya, ko da yake in yana ɗauke da aiki yakan tsaya wajen 1,400 zuwa 1,450.

Ashe ke nan wanda ya iya sauya haz ya riƙe linzamin moto. Wannan shi ne aikin na'urar sarrafa gudu, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan VFD. Da farko takan mayar da wuta mai kai-komo ta zama miƙaƙƙiya, ta tara ta a cikin manyan kafasitoci, sannan wasu tiransistoci da ke kunnuwa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa su sake ƙera wuta mai kai-komo a kan adadin haz da ake so. Tana rage bolt tare da haz: moton bolt 400 a kan haz 50 zai samu kimanin bolt 200 a kan haz 25.

Amfaninta a fili yake. Moton da aka jona kai tsaye yakan ja wutar da ta ninka ta aikinsa sau biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, abin da kan durƙusar da ƙaramin janareta. Na'urar kuwa a hankali take tayar da shi. Haka nan fankar da aka rage gudunta zuwa kashi 80 cikin ɗari takan ci kimanin rabin ƙarfin da take ci a da.

Me Ya Sa Amfiya?

A kasuwa, tambayar farko ita ce, doki nawa ne? Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, saboda haka moto mai kilowat 1.5 kusan doki biyu ke nan. Amma wannan adadi yana nuna ƙarfin da ke fita ta sandar moton ne kawai. Abin da ke ratsa tiransistocin na'ura ya ɗumama su shi ne kwararar wuta, wadda ake aunawa da amfiya. Motoci biyu masu kilowat ɗaya suna iya bambanta a amfiya. Mai kawuna shida ko takwas ya fi mai kawuna biyu ja, tsohon ƙira ya fi sabo, haka kuma famfon da ake zurawa cikin rijiya, wanda ake kira sumo, yakan fi takwaransa na tudu.

Zafin da ke taruwa a cikin waya yana ƙaruwa ne da ninkin amfiya a kanta. In amfiya ta ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, zafi zai ƙaru da kashi 44. Injiniyoyi kuma suna da wani sanannen ƙiyasi, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade yakan rage rabin rayuwar fentin da ke rufe wayar koyil. Da zarar fentin ya gasu, wayoyi suka haɗu, moto ya tashi aiki.

Misali Daga Allon Moto

A jikin kowane moto akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da bayanansa. A ɗauki moto mai layi uku, kilowat 1.5, wanda allonsa ya nuna bolt 230/400 da amfiya 5.9/3.4. Ma'anar wannan ita ce, in an yi masa haɗin tauraro a kan bolt 400 zai ja amfiya 3.4, in kuwa haɗin dalta ne a kan bolt 230 zai ja 5.9. Adadin farko ya ninka na biyu sau 1.73.

Yanzu a ce makarantar da ke da wannan moto wutar layi ɗaya gare ta, mai bolt 230. Na'urar da ke karɓar irin wannan wuta tana fitar da layi uku, amma bolt ɗin ba ya wuce 230. Dole ke nan a mayar da moton haɗin dalta, a kuma nemi na'urar da amfiyar fitarta ta kai 5.9 ko ta ɗan ɗara. Wanda ya yi lissafi da 3.4 ya karanta allon a karkace. A lura kuma, amfiyar fita ake dubawa a jikin na'ura. Ta shiga tana da nata aikin, domin da ita ake zaɓen kaurin waya da makatsar wuta.

Bayan wannan sai a dubi irin aikin. Fanka da famfon ruwa suna tashi cikin sauƙi, kuma na'urar da ke jure kashi 110 zuwa 120 cikin ɗari na amfiyarta na minti ɗaya ta wadatar. Injin niƙa da na markaɗe kuwa sukan cije, saboda haka suna bukatar mai jure kashi 150 na minti ɗaya. Na'ura guda takan zo da adadin amfiya biyu, na sassauƙan aiki da na mai nauyi, kuma na mai nauyin shi ne ƙarami.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori an auna amfiyarsu ne a kan zafin da bai wuce digiri 40 ba, da tudun da bai haura mita 1,000 ba. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin bazara kan wuce haka ko a inuwa, balle a cikin rufaffen akwatin ƙarfe. Jos kuwa tana kan tudun kimanin mita 1,200, inda iska ba ta da kaurin da za ta sanyaya na'ura sosai. Ƙurar hunturu ita ma takan toshe kafofin iska. A irin wannan hali ana duba jadawalin ragi da ke cikin littafin na'urar, kuma sau da yawa akan ƙara mataki ɗaya na girma.

Linzami Ya Fi Ƙarfin Bakin Kaza

Na'urar da ta yi ƙanƙanta takan yi ta katsewa, aiki ya tsaya. Wannan ya sa wasu ke ganin gara a sayi babba a huta. To, a nan ne hatsarin yake. A ce an haɗa moton nan mai amfiya 3.4 da na'urar kilowat 4, wadda ke ba da wajen amfiya 9. Daga masana'anta an saita ta ne domin moton da ya yi daidai da girmanta. Idan dutsen niƙa ya cije, ƙaramin moton ya fara jan amfiya 6, zafin koyil ɗinsa ya ninka sau uku, amma a wurin na'urar ko gumi ba a fara ba. Ba za ta katse ba har hayaƙi ya tashi.

Maganin wannan bai wuce aikin minti biyar ba. Kafin a kunna, a shigar wa na'ura da bayanan allon moto: bolt, haz, juyi, kilowat, kuma musamman amfiya. Da wannan adadi take ƙiyasta zafin moton, ta katse wuta kafin ɓarna ta auku. Duk da haka, na'urar da ta fi moto girma nesa ba kusa ba, ba ta iya auna 'yar ƙaramar kwarara daidai, shi ya sa masu ƙera ta kan faɗi mafi ƙanƙantar moton da za ta iya karewa.

Abubuwan Kiyayewa

Fankar da ke sanyaya moto a kan sandarsa take, don haka in an daɗe ana tafiyar da shi a hankali da kaya mai nauyi, zai yi zafi ko da amfiya ba ta wuce kima ba. In motoci biyu za su raba na'ura ɗaya, a tara amfiyarsu, kowanne kuma a sa masa nasa makarin. Moton layi ɗaya mai kafasita, irin na ƙananan famfunan gida, ba a haɗa shi da na'urar da aka ƙera domin layi uku. Sannan kafasitocin na'urar bolt 230 suna riƙe sama da bolt 300, na mai 400 kuwa sama da 500, har na wasu mintoci bayan an kashe wuta. Kada ɗalibi ya kai hannu ciki sai malami ya auna ya tabbatar.

Malamin kimiyya zai iya kai ɗalibansa gaban famfon makaranta, a kashe wuta, su kwafo abin da ke kan allon moton, su gano irin haɗin da aka yi masa, sannan su faɗi amfiyar da na'urarsa za ta bukata. Ɗalibin da ya iya karanta wannan ɗan allo zai iya ceton moton da unguwa guda ke shan ruwa da shi.