Tsatsa ta Kama Birkin Tsohon Babur Mai Ƙafa Uku: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

A 1970 kamfanin Honda ya fitar da wani babur mai ƙafa uku a Amurka, mai manyan tayoyi masu laushi, wanda aka ƙera don yashi da laka da hanyoyin gona. Ba adaidaita sahu ake nufi ba. Wannan na mutum ɗaya ne, kuma ba na kwalta ba ne. Samfurin Big Red na 1982 ya zama jakin manoma da mafarauta, har zuwa 1988 da kamfanonin da ke ƙera irinsa suka cimma yarjejeniya da gwamnatin Amurka suka daina sayar da sababbi, saboda yawan kifewa da asarar rayuka. Daga nan aka samo jita-jitar cewa an haramta mallakarsa da gyaransa. Ba haka ba ne, sayar da sabo kawai aka tsayar. Abin da yake gaskiya shi ne duk wanda ya rage a yau ya doshi shekara arba'in ko ya wuce, kuma da yawa daga cikinsu birkinsu ya ƙage. Shawarwarin da ke yawo kan kwance shi suna da yawa, amma ma'auninsu ɗaya ne: me ya kama birkin tun farko?

A yawancin waɗannan babura birkin na duram ne, irin wanda ke ƙafar babur ɗin Boxer da kowane bakanike ya sani. Wayar birki tana jan wani ɗan hannu, hannun ya murɗa gajeriyar sandar ƙarfe, ita kuma ta buɗe shu biyu su matse cikin duram. Sandar nan baƙin ƙarfe ce, amma ramin da take juyawa a ciki na alminiyom ne. Idan ruwa ya shiga tsakanin ƙarafa biyu mabambanta ya kwana, alminiyom ɗin yakan ci ya zama wani farin gari, sandar kuma ta yi jar tsatsa, kuma dukansu sun fi ƙarfen da suka fito daga jikinsa cin wuri. Wato sandar ba bushewa kawai ta yi ba, cusa ta aka yi a ramin da ya cike. Wanda ya fahimci wannan zai iya tace kowace magana da kansa.

Ana cewa feshin WD-40 sau ɗaya ya isa. A nan akwai ƙwayar gaskiya, domin mai marar kauri yana ratsa tsaga, kuma man da aka yi musamman don tsatsa ya fi shi, har kananzir ma yana taɓukawa. Ƙaryar tana cikin “sau ɗaya”. Mai ba ya narkar da farin garin nan. Jiƙa shi yake yi a hankali, sai an yi ta ɗigawa ta ɓangarorin biyu har kwanaki, ana ɗan motsa hannun gaba da baya. Masu cewa a zuba Coca-Cola suna da hujjar cewa akwai ɗan asid a cikinta, kuma haka ne. Sai dai ya yi rauni ƙwarai, ba ya shiga matsattsen rami, sannan ita Coca-Colar tana barin ruwa da sukari a wurin da ruwa ne ya jawo matsalar.

Maganar da ta fi ɓarna ita ce ta guduma. Za a ce ai makanikai suna bugawa kuma yana fita, kuma ba ƙarya suka yi ba: ƙananan bugu masu yawa, da guntun tagulla ko katako a tsakani, suna farfasa tsatsar su buɗe wa mai hanya. Amma duka mai ƙarfi kai tsaye yana baje kan sandar, haƙoran da hannun ke kamawa su lalace, kan ya yi faɗin da ba zai ƙara bi ta ramin ba. Idan kuma ba a tokare farantin alminiyom ɗin da ramin ke jikinsa daga baya ba, tsagewa yake yi, ga shi an daɗe da daina ƙera irinsa. Garaje a nan shi ke mayar da aikin kwana uku ya zama neman kayan gyara na watanni.

Batun wuta kuwa gaskiya ne, kuma dalilinsa a fili yake: alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka ɗumama kewayen ramin yana sassauta riƙon. Kuskuren shi ne jiran ya yi ja. Alminiyom yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya nuna wata alama ba, sai dai a ga ya zube. Zafi matsakaici ake so, bayan an cire robobi an kuma nisanta da tankin fetur. Akwai haɗarin da ya fi wannan: wasu feshin wanke birki suna ɗauke da sinadarin kulorin, kuma idan harshen wuta ya taɓa su suna iya fitar da fosjin, iskar gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wurin da aka fesa irin wannan ba a kai masa wuta.

Saura jita-jitar da ta fi damuna, wai da zarar hannun ya motsa an gama. Sau da yawa ba sandar ce kaɗai ta ƙage ba. Wayar na iya yin tsatsa a cikin rigarta, kuma wadda zarenta ya fara tsinkewa sauyawa ake yi, ba jiƙawa ba. Fatar shu kan ɓalle daga jikin ƙarfenta saboda tsufa ta cushe duram ɗin, kuma wadda mai ya jiƙa ba ta ƙara kamawa ko an wanke ta. Tsofaffin shu na wancan zamani na iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu, saboda haka ƙurar cikin duram da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta, ba a hure ta da iska. Sandar da ta fito sai an goge ta ita da raminta da samfefa mai laushi, a shafa giris kaɗan mai jure zafi, a tabbatar sifirin yana dawo da hannun da kansa. A samfuran gudu masu birkin faifai, kamar ATC250R, fistin ne ke ƙagewa, kuma masu cewa a jiƙa shi da baƙin mai ko kananzir sun yi kuskure: man da aka samo daga fetur yana kumbura robobin ciki. Man birki kaɗai ake sa musu, a sauya robobin, a fitar da iskar da ke cikin layin, sannan a gwada birkin a fili ana tafiya a hankali kafin a hau gangara da shi.