Dogon Hutu Ya Zo: Me Muka Tanadar Wa Yaranmu A Garwa Da Pitowa?

A duk shekara, daga watan Yuni zuwa farkon watan Satumba, makarantun boko a Kamaru sukan rufe ƙofofinsu, yara su dawo hannun iyaye har kusan wata uku. A ƙasashen Turai wannan lokaci ne na rana da zuwa bakin teku, har iyali kan zauna su rubuta jerin abubuwan nishaɗin da suke son yi kafin hutu ya ƙare. Mu kuwa a nan lardin Arewa hutun yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da kogin Binuwai ke cika yana batsewa, manoma kuma suna duƙe a gonakin auduga, masara da gyaɗa. Saboda haka idan za mu ari wannan dabara ta rubuta jeri, tilas mu ɗinka ta daidai jikinmu, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Dalilin da ya sa muka ga ya dace a tattauna batun shi ne, hutun da ba a tsara shi ba shi ke tsara kansa. Duk mai bin tashoshin mota da babbar kasuwar Garwa a wannan lokaci zai ga yadda ƙananan yara ke yawo da farantin gyaɗa, dafaffen ƙwai ko ruwan sanyi tun safe har magariba. Wasu iyayen da wannan talla suke haɗa kuɗin littattafai da kayan makaranta, ba kuma za mu zarge su ba. Amma yaron da ya ɗanɗana kuɗi wata uku cur, ba tare da wani abin da zai tuna masa shi yaro ne ba, sau da yawa komawa aji kan yi masa wuya.

To, me za a sa a cikin jerin? Na farko, kasuwar Pitowa da ke ci ran Lahadi, tafiyar kimanin kilomita 15 daga Garwa a kan hanyar Marwa. A nan yaro zai ga Fulani da shanunsu, Falawa da suka sauko daga ƙauyukan gindin dutse, fatake Hausawa da 'yan kasuwa daga Najeriya da Cadi, ya ji Fulatanci, Hausa da Faransanci a rumfa guda. A ba shi 'yan kuɗi ya yi cinikin kansa, ya dawo ya ba da lissafi. Daga kasuwar kuma ana hango dutsen Tingilin, wanda damina kan lulluɓe da ciyawa shar. Samari za su iya hawansa a ranar da gari ya waye garau, amma tare da wanda ya san hanya.

Na biyu, gidan namun daji na Garwa. Mutane da yawa suna mafarkin kai yara gandun dajin Binuwai, Buba Njida ko Faro, sai dai waɗannan wuraren na rani ne, domin da damina hanyoyinsu kan lalace, ciyawa kuma ta ɓoye dabbobin. Haka ma kwazazzabon Kola da ke kusa da Gidar, sai ruwan Mayo Luti ya janye ake iya shiga cikinsa. A rubuta su a shafin hutun Disamba, yanzu kuwa a wadatu da na cikin gari. A kuma gaya wa yara cewa a garinsu ne Makarantar Koyon Kula da Namun Daji take, wadda tun 1970 take horar da jami'an gandun daji daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Na uku, madatsar ruwa ta Lagdo, wadda Sinawa suka gina tsakanin 1977 da 1982, kuma daga ita wutar lantarkin da ke haska gidajenmu take fitowa. Gidaje biyu ko uku za su iya haɗa kuɗin mota su je su yini, su ga kwale-kwalen masunta, su ci gasasshiyar karfasa ko giwan ruwa.

Na huɗu, ƙwallon ƙafa. Idan ba a manta ba, a filin wasa na Rumde Ajiya ne Najeriya ta doke Masar da ci ɗaya da nema a watan Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka. Ƙungiyar garin nan kuma, Coton Sport, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta Masar ta ɗauki kofin. Gasar hutu da matasa ke shiryawa unguwa-unguwa ba ta bukatar komai sai ƙwallo, alƙalin wasa da dattijo guda da zai riƙa sa ido.

Na biyar ba ya cin ko dala: zumunci da tarihi. A kai yara su yi mako guda wurin kakanni a ƙauye, su riƙe fartanya, su gasa ɗanyar masara, da dare su sha tatsuniya. A cikin gari kuma a bi da su ta ƙofar fadar Lamiɗo, a sanar da su cewa a Garwa aka haifi shugaban Kamaru na farko, Ahmadu Ahijo, a 1924. A nuna masu tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda a da jirage kan zo da damina su yi lodin auduga da gyaɗa zuwa Najeriya. 'Yan mata ma a ba su nasu kaso, kada hutunsu ya ƙare a wanke-wanke da raino.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai abin da bai kamata ya shiga jerin ba ko kusa, wato wanka a kogi ko kududdufi. Binuwai a watan Agusta ba abokin wasa ba ne, ga ƙarfin ruwa, ga dorina, kuma ba mu manta da ambaliyar 2012 ba. Damina ce kuma kakar zazzaɓin cizon sauro, don haka duk inda yaro zai kwana a tafi masa da gidan sauro. Idan ma'aikatan lafiya sun zagayo da maganin rigakafin da ake bai wa 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata, a tabbata ƙananan suna gida.

Shawararmu ita ce, a daren Juma'ar nan maigida da uwargida su tara yara bayan sallar isha'i, a yago takarda daga tsohon littafi, kowane yaro ya faɗi abu biyu da yake so, a ware lokacin makarantar allo da na taimakon gida, sannan a manna takardar a bango. Duk abin da aka yi a soke shi da biro. Ranar da aka koma makaranta malam ya ce kowa ya ba da labarin hutunsa, ɗanka ma zai ɗaga hannu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya kuma ba mu damina mai albarka.