Allurar sa gyangyaɗi kafin ƙaramin aiki: abin da ya kamata ka sani

Idan aka kai ka asibiti a Ƙaraye ko Rogo da gocewar ƙashi ko ƙunar da za a wanke, mai yiwuwa a yi maka allurar sa gyangyaɗi, kamar midazolam ko diazepam. Ba barcin tiyata ba ne. Kana numfashi da kanka, kana amsawa idan an kira sunanka, sau da yawa kuma ba za ka tuna aikin ba.

Haɗarin yana wajen numfashi. Maganin kan rage shi, musamman ga tsofaffi da masu minshari. Shi ya sa nas ɗaya za ta tsaya a kanka, ta maƙala maka na'urar auna iskar jini a yatsa, tana duba hawan jini duk minti 5. Idan tana ta kiran sunanka, ba takura ba ce, gwaji take yi.

In ba aikin gaggawa ba ne, ka daina cin abinci awa 6 kafin lokacin, ruwa zalla kuma awa 2. Koko da fura abinci ne, ba ruwa ba. A nan mutane suka fi kuskure, amai kuwa yana iya shiga huhu.

Idan kana shan tramadol ko kodin, ka faɗa. Ba ƙararka za mu kai ba, adadin maganin za mu gyara.

Ka zo da ɗan rakiya. Kada ka tuƙa babur ko mota sai bayan awa 24. Idan an koma gida ka gagara tasuwa, ko leɓɓanka suka canza launi, a dawo da kai nan take.