Hular Madanni da Turken da Take Hawa

Shirinmu na musamman yau zai leƙa ƙarƙashin yatsun masu buga rubutu a kwamfuta.

A kibod ɗin da ake kira makanikal, kowane harafi da nasa maƙunni: ɗan akwati mai sifirin a ciki, da ɗan turke da ke nitsewa idan an danna. Abin da yatsa ke taɓawa hula ce ta roba, ana iya cire ta a sa wata. Sai dai ba kowace hula ke hawa kowane turke ba.

A shekarar 1983 kamfanin Cherry, mai masana'anta a Jamus, ya fito da maƙunnin MX, wanda kan turkensa ke da siffar alamar tarawa. Launin turken ke nuna halinsa: ja na nitsewa sumul, ruwan ƙasa na ɗan tokarewa a tsakiya, shuɗi kuwa sai ya yi ƙas. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, sai kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka kwaikwayi siffar, har ta mamaye kasuwa. Ni dai ina ganin alheri ne babba: hularka ta fashe, ka musanya ita kaɗai, kibod ɗinka na nan.

Amma a yi hattara. Tsofaffin maƙunnan Alps na Japan ramin kansu mai kusurwa huɗu ne, na Topre zagayayye, shi kuwa Kailh Choc na farko ramuka biyu gare shi. Babu wanda hular MX za ta zauna a kansa. Ko a cikin dangin MX ma an taɓa samun matsala: a 2018 masu saye suka yi ta kuka cewa turken Kailh Box ya ɗara kauri kaɗan, yana tsaga huluna masu tsada, har kamfanin ya gyara ƙirar. Sai kuma dogon madannin tazara, wanda tsawonsa kan bambanta daga kibod zuwa kibod, don haka a auna kafin a biya kuɗi.

Masu sauraronmu na Maradi da Damagaram da suka saba da tsarin AZERTY na Faransanci, ga taku. Wanda ya sayo kibod na QWERTY daga Kano yana iya sauya wa A da Q wuri, amma a yawancin huluna kowane layi da nasa tudu da gangara, sai yatsa ya riƙa tuntuɓe. Kuma sauya hula ba ya sauya harafin da zai fito a allo. Ko ka sa an buga maka ƙ da ɗ da ɓ a kan hulunan, sai ka shiga saitin kwamfutar ka zaɓi tsarin Hausa kafin su fito.